Barci ɓarawo ne, ko da ran wani yana hannunka

Ƙanena yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Garwa zuwa Marwa. Wani dare cikin watan Afrilu aka tashe shi wajen ƙarfe 2, haihuwa ta zo wa wata mata da gardama, dole sai an kai ta Garwa. Ya kai ta lafiya. A hanyar dawowa asuba ta gabato, titi babu kowa, malamar jinya na gefensa ta jingina kai da gilashi. Abin da ya iya tunawa shi ne ya haye wata gada. Daga nan sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da salatin malamar. Mota ta bar kwalta, ta tsaya taku kaɗan daga gindin wata darbejiya.

Washegari da yake ba ni labari, rantsuwa yake ta yi: "Wallahi Yaya idona biyu, ban rufe ido ba." Na kuwa yarda da shi. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na sakan 3 ko 4, ido a buɗe, hannu a kan sitiyari, mai ita bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowane sakan. Ke nan cikin sakan 4 ta shafe kusan tsawon filin ƙwallo babu direba.

Irinsa suna da yawa a yankin nan na arewacin Kamaru, kuma ba mu cika tunawa da su ba sai ranar da kasuwa ta kama da wuta. Akwai 'yan kwana-kwana, pompiye kamar yadda muke ce musu, waɗanda ake kira a 118. Akwai jandarmomi da 'yan sanda, malaman asibiti masu gadin dare, ungozomomi, da 'yan agajin Croix-Rouge. Akwai kuma marasa kaki marasa albashi: 'yan sintirin ƙauyukan Kolofata da Mora da Fotokol da suka yi shekaru suna kwana a bakin gari saboda Boko Haram, da samarin da suka yi ta cika buhuna da ƙasa cikin dare a bakin kogin Logone lokacin ambaliyar 2024, daga Yagwa har Kusiri da Injamena. Ana son hankalinsu ya cika a daidai sa'ar da jikin ɗan Adam ya fi kowane lokaci sanyi.

Abu biyu ne ke juya barcin mutum, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba.

Na farko bashi ne. Tun daga lokacin da ka buɗe ido, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yana ƙaruwa awa bayan awa, kuma barci ne kaɗai ke sauke shi. Na biyu agogo ne, wani ɗan gungun jijiyoyi a can cikin kai, dab da inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna. Hasken da ya shiga ido ne ke saita shi. Duhu ya yi, ya sa a saki melatonin, sinadarin da ke kiran barci, zafin jiki ya fara sauka, har ya kai ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba. Gari ya waye, ya tura sinadaran farkawa, ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Wannan agogo ba ƙaramin abu ba ne a wurin masana: a 2017 Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka samu kyautar Nobel saboda gano yadda yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

To dubi mai aikin dare. Ƙarfe 4 na asuba bashi ya taru, agogo kuma ya ce a kwanta, su biyun suna jan sa ƙasa lokaci guda. Ƙarfe 9 na safe ya samu shimfiɗa, bashi na nan, amma agogo ya ce rana ta fito. Sai ya yi awa 4 ko 5 ya farka, kai na sara, ya ɗauka jikinsa ne ya ƙoshi.

Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin dawowar Manzon Allah (SAW) daga Khaibar. An yi tafiyar dare, gajiya ta kama jama'a, aka sauka, aka ce wa Bilal ya yi gadin asuba. Ya yi ta salla iyakar iyawarsa, da alfijir ya kusa sai ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas. Babu wanda ya farka sai da rana ta dake su. Wannan Bilal ne fa, mai kiran salla, kuma aikin da aka ba shi ke nan. Sa'ar da ta kayar da shi ita ce ta kayar da ƙanena a kan kwalta. Ni dai tun da na haɗa waɗannan biyun na daina jin daɗin maganar nan da manyan ma'aikata ke yi wa ƙanana, wai namiji ba ya gyangyaɗi a bakin aiki.

A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka auna saurin hannu da ido na mutanen da aka hana barci, suka kwatanta da na waɗanda aka ba giya. Wanda ya yi awa 17 a farke ya yi daidai da mai giya 0.05 cikin 100 a jini, wato iyakar da dokar tuƙi ta yanke a ƙasashe irin su Faransa. Wanda ya yi awa 24 ya kai wajen ninki biyu na hakan. Yi lissafi da kanka: wanda ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. Mu da ba za mu taɓa shiga motar mashayi ba, kullum muna miƙa mai naƙuda ga direban da gajiya ta kai shi wannan matsayi, har muna sa masa albarka.

Abin da ya fi ba ni tsoro wani gwaji ne da aka buga a 2003 daga Jami'ar Pensilbeniya a Amurka. An taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 kowane dare har mako 2. Kullum aikinsu na ƙara lalacewa, har ya koma kamar na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Amma da ake tambayarsu yadda suke ji, bayan 'yan kwanakin farko sai suka ce abin ya tsaya, sun saba. "Na saba" ita ce kalmar da za ka ji a bakin kowane tsohon ma'aikacin gaggawa. Abin da ya saba da shi jin gajiyar ne. Kuskuren lissafin magani da jinkirin taka burki suna nan suna ƙaruwa, kuma ma'aunin da zai gane hakan da shi, wato ƙwaƙwalwarsa, shi ne abin da ya fara lalacewa. Saboda haka tambayar "za ka iya?" ba ta da amfani. Tambayar da ke da amfani ita ce "awa nawa ka yi barci tun jiya?" Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye.

Shi barcin ma ba dunƙule ɗaya ba ne. Zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90. Barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara tsoka da garkuwa a cikinsa, ya fi yawa a farkon dare. Barcin mafarki, mai alaƙa da daidaita zuciya da adana abin da aka koya, ya fi yawa a ƙarshe. Wanda aka tasa sau 3 a dare, ko da jimillar awanninsa ta kai 6, tuwonsa ne aka yi ta saukewa daga wuta kafin ya nuna.

Sai maganar minshari, wadda muke mayarwa abin dariya. A wani bincike da aka buga a 2015 kan 'yan kwana-kwana kusan 7,000 a Amurka, kashi 37 cikin 100 sun nuna alamun ciwon barci, mafi yawansu ɗaukewar numfashi, kuma sama da kashi 80 na waɗannan ba su san suna da shi ba. Haɗarin mota a wurinsu ya ninka na sauran. Ciwon shi ne maƙogwaro ya riƙa toshewa cikin barci, numfashi ya tsaya, mutum ya zabura da gurnani ya koma, sau da yawa a awa guda, da safe bai tuna komai ba. Ya fi kama mai ƙiba da mai kaurin wuya, kuma abokin tafiyar hawan jini ne. A can Amurka, ciwon zuciya ne ke da wajen kashi 45 cikin 100 na mutuwar 'yan kwana-kwana a bakin aiki, ya fi wutar kanta kisa. Wadda ke fara gane wannan ciwo matar gida ce. Idan ta ce "Malam, numfashinka na tsayawa da dare," maganar likita ce, kada a ce mata ta faye sa ido.

Shawarwarin da ake samu a intanet an rubuta su ne don mai ɗaki shi kaɗai, da labule mai kauri, da na'urar sanyaya ɗaki. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kusiri, rufin kwano ya koma tanda tun kafin azahar, kuma daidai lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai samar da lantarki ya ja baya ne wuta ke yawan ɗaukewa, fanka ta tsaya. Jiki ba ya shiga barci sai ya zubar da zafi ta fata, musamman tafin hannu da na ƙafa. A ɗaki mai zafi barci mai nauyi ne ke fara guduwa.

Abin da na ga yana aiki shi ne a raba barcin biyu. Wanda ya sauka ƙarfe 7 ya wuce gida kai tsaye, kada ya tsaya teburin mai shayi, kada ya zauna a rana. In ba shi ke tuƙi ba ya sa baƙin tabarau, don hasken safiya ne ke gaya wa agogo gari ya waye. Ya ci abu mara nauyi, kunu ko koko, ya watsa ruwan randa, ya kwanta kafin kwano ya ɗau zafi. Zai samu awa 4. Sauran ya cike su bayan azahar a rumfa ko zaure, ko kuma bayan magariba kafin ya koma. Jiƙaƙƙen zane a taga yana sanyaya iska sosai da bazara saboda iskar busasshiya ce, da damina kuwa ba ya tsinana komai. Rawani ko ɗankwali a kan ido ya isa labule. Waya a saita ta yadda lambar wurin aiki kaɗai za ta yi ƙara.

Amma zafi bai kai mutane wahala ba. A gidanmu ƙanena ya kwanta ƙarfe 8, kafin 10 an yi sallama sau 3: mai son a duba masa takardar magani, yaron da aka aiko karɓar caja, sai Baffanmu da ya leƙo zaure ya ce, "Har yanzu yana kwance? Namiji da barcin hantsi?" Ranar da Inna ta ji labarin darbejiyar nan, ita ta ɗauki kujera 'yar tsuguno ta dasa a ƙofar ɗakinsa tana tsinke zogale. Baffa ya sake zuwa, ta ce, "Malam, lokacin da kake barcinka shi yana hanya da mai naƙuda. In saƙo ne ba ni, in gaisuwa ce sai la'asar." Daka ma aka mayar da shi yamma. Babu maganin da ya yi masa abin da kujerar nan ta yi.

Shi namiji ne, ya samu mai gadi. Malamar jinyar da ke gefensa a daren nan fa? Ta sauka ƙarfe 7, ta shirya yara makaranta, ta ɗora sanwa, ta yi wanki, in ranar girkinta ce babu wanda zai ɗage mata. Barcinta na farko sai bayan azahar, shi ma da goyo a gefe. Mijin da ke cin albashin gadin dare amma ba ya iya cewa "a bar ta ta kwanta" ya kamata ya san da ran wa yake wasa: gobe da dare ita za ta auna allurar jaririn wani.

Shayi da goro da Nescafé su ne abokan dare, kuma ba na ƙin su. Sai dai a san aikinsu. Kafeyin, sinadarin cikinsu mai kore barci, ba ya biyan bashin barci. Yaro ne da ake aikawa ƙofa ya ce wa mai bin bashi "ba ya nan", mai bashi kuwa ya samu dakali ya zauna. Kuma kafeyin yana daɗewa: bayan wajen awa 5 rabinsa na nan a jini. Wani gwaji na 2013 ya nuna miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda, su masu shan ma ba su lura sosai ba. Saboda haka a sha a farkon gadi, kaɗan-kaɗan, a ajiye butar wajen ƙarfe 2. Shayin nan mai kauri da ake zagayawa da shi ƙarfe 5 don a ƙarasa dare, shi ne ke cinye barcin safe. Tramol kuwa, da wasu ke haɗiya don kada su ji gajiya, dangin su mofin ne: yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya in an yawaita, yana lalata barcin da ake nema. Wanda ya fara tramol don ya farka, ba a daɗewa yake neman baliyam, ƙwayar sa barci, don ya kwanta.

Abin da ya fi goro arha mun gaje shi tun kakanni, ƙailula. Agogon jiki yana da wata 'yar gangara bayan azahar, shi ya sa barcin wannan lokaci ke zuwa da sauƙi. Mai shiga gadin dare, in ya samu awa ɗaya da rabi a nan, ya shiga da guzuri. A cikin gadin ma gajeren barci yana ceto. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada da matuƙan jirgin sama masu dogon zango: aka ba su minti 40 su kwanta bi da bi, suka samu wajen minti 26 na barci, kuma lokacin sauka sun fi waɗanda ba su kwanta ba nutsuwa da saurin ganewa. Idan kamfanin jirgi ya yarda matuƙi ya runtsa, ban ga dalilin da zai sa a kai ƙarar malamin asibitin da ya kishingiɗa minti 20 ƙarfe 3, alhali abokin aikinsa na tsaye, ba. Sharaɗi ɗaya ne: wanda aka fizgo daga barci mai nauyi yakan yi minti 15 zuwa 30 kansa a ɗaure. Ya wanke fuska, ya tsaya a haske, ya maimaita abin da aka gaya masa da bakinsa kafin a ba shi makulli ko sirinji.

Akwai kuma daren da gajiya ta kai gajiya amma ido ya ƙi rufuwa. Wanda ya ciro yara daga motar da ta faɗi a gangaren dutsen hanyar Ngaundere, ko ya tattara abin da bam ya bari a kasuwa, zai kwanta jiki na rawa, hoton na dawowa, ƙaurin na hanci. A kwanakin farko wannan ba ciwo ba ne, kuma ga mafi yawan mutane yana lafawa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2013 ta ce kada a ba irin wannan mutum baliyam da danginsa a watan farko, kuma ba ta goyon bayan a tara mutane a tilasta wa kowa ya zayyana abin da ya gani. Abin da ta fi so ya yi kama da abin da muke yi a zaman makoki: a zauna da mutum, a ba shi ruwa da abinci, a saurare shi in ya so magana, a bar shi in bai so ba, kada a bar shi shi kaɗai. Alwala, addu'ar kwanciya, numfashi a hankali ana tsawaita fitarwa, duk suna saukar da bugun zuciya. In wata ya wuce mafarkin bai daina ba, mutum ya fara gudun hanyar da abin ya faru, ko ya zama mai faɗa da iyali babu dalili, lokacin ganin likita ya yi, ko da ana ci gaba da addu'a.

Duk wannan rabin magana ne, domin wanda ke rubuta jadawalin aiki ya fi mai shimfiɗa iko da barcin ma'aikaci. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta wajabta hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24. Ƙa'idojin da masana suka fitar a Amurka a 2018 don ma'aikatan motocin asibiti sun ce gadi ya gaza awa 24, a bar su su yi gajeren barci a bakin aiki, a koya musu gane gajiya. Juyi daga safe zuwa yamma zuwa dare ya fi wa jiki sauƙi a kan juyin baya. Ranar ambaliya kuwa kowa ke fitowa lokaci guda, a yi kwana 2 ana jarumta, rana ta 3 da ruwa ya ƙara hawa babu mai iya ɗaga buhu. Shugaba mai hankali tun daren farko yake korar kashi ɗaya cikin uku su je su kwanta, ko suna gunaguni. Sannan ga albashi: wanda ya sauka daga gadi ya hau babur yana kabu-kabu har azahar don kuɗin cefane, ba jahilcin amfanin barci ne ya fitar da shi ba.

Ƙanena yanzu in ya sauke mara lafiya a Garwa bayan ƙarfe 3, ba ya juyowa. Yakan gyara fakin a harabar asibitin, ya kwantar da kujera, ya ɗora hula a fuska har kiran salla, ya yi salla, ya sha shayi kofi ɗaya, sannan ya kama hanya da haske. Shugabansu ya yi ƙorafi da farko, ya ce motar asibiti ba ɗakin kwana ba ce. Da malamar ta kai shi ya ga sawun taya a gindin darbejiya sai ya yi shiru. Amma yana da tasa hujjar da har yau ba a warware ba: mota ɗaya ce, direba ɗaya ne, kuma awa biyun da ƙanena ke barci a Garwa, duk wadda naƙuda ta juye mata a ƙauyukan nan a bayan babur za a ɗauko ta.